Suɗin Baba

Bari in tona wa kaina asiri tun kafin wani ya riga ni. Ranar da aka yi rasuwar mijin yayata, ina garejin da nake wankin motoci aka bugo waya. Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da rigar aiki a jikina, na isa gidan surukinsa, mijin 'yarsa, na tarar da falo cike da mutane, kowa ya sunkuyar da kai. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "A nan ya cika?" Aka ce a nan, a ɗakin can, kansa a kan cinyar yayarka. Sai na ji bakina ya ce, "Alhamdu lillahi." Da ƙarfi kuwa. Inna lillahi sai daga baya ta iso tana ɗingishi, bayan kowa ya ɗago ya gama kallona.

Wani direban ofishin jakadanci, mutumin Maraɗi, ya karkata wajen na kusa da shi ya ce, "Wannan bawan Allah ƙalau yake kuwa?" Wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi, wadda ta san ni tun ina yawo ba takalmi, ta ce, "Ku ƙyale shi. Tun a gida bakinsa ke riga hankalinsa fita." Ɗaliban jami'a da suka zo gaisuwa suka mai da ido kan takalmansu. 'Yar marigayin ta ce min da Turanci in nemi wuri in zauna, don ita in ranta ya ɓaci Hausarta guduwa take yi. Yayata ce kaɗai, matar mamacin, ta miƙo hannu daga kan tabarma ta ce, "Zo nan kusa da ni. Abin da ka faɗa shi na faɗa, sai dai ni a ciki na faɗe shi."

To, don in wanke wannan Alhamdu lillahi na ɗauki biro, kuma don kada birnin nan ya haɗiye mutumin yadda yake haɗiye kowa. Karatuna ba mai nisa ba ne. Na allo na bar shi ranar da bulala ta fi fahimta yawa, boko kuwa a jikin allunan tashar jirgi na tsince shi. Wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa.

Mijin yayata ne, amma Baba nake ce masa kamar kowa. Bakano ne da fatauci ya kai Kumasi, jirgin ruwa ya ɗauke shi yana zuba gawayi a wuta, har ya sauke shi a New York tun lokacin da in ka ji Hausa a titi sai ka waiwaya ka ga ko aljani ne. Da ya sami gindin zama ya aika aka kawo Yaya da 'yarsu. Ni kuma na biyo baya, kamar ƙuda da ya ji ƙanshin nama. Aikinsa kula da wani tsohon bene a Harlem: ya share, ya fitar da shara, ya hura wutar ɗumama gida. Ɗakinsu yana ƙasa, jikin tukunyar wutar. Nan ne masallacinmu, nan ne majalisarmu, nan muke cin abincin Lahadi, mu ɗin da ba mu cika sahu biyu ba.

Abu ɗaya yake tsoro a duniya, kuma bai taɓa ɓoye shi ba. Ya taɓa zuwa jana'izar wani abokin aikinsa na jirgi da ya mutu ba kowa a kusa, ya tarar an tsiyaye masa jini an ɗura magani, an sa masa kwat da taye, an shafa masa hoda. Tun daga ranar yakan ce, "Ni ba mutuwa nake gudu ba. Kada dai in mutu inda ba mai juya ni gabas, a yi min kwalliya kamar zan je neman aiki."

Yaya takan tuƙa tuwon garin shinkafa, miyar kuɓewa ko ta gyaɗa, naman kuwa daga wajen mahaucin Yahudawa, don nasa yankan ne Baba ya yarda da shi. A zuba a babban kwano, maza su zagaye. Baba ba ya taɓa cinye gabansa. Komai yunwa, in ya kai wani wuri sai ya ɗauke hannu, ya tura tsoka ɗaya gefe, ya ce a kai wa yara suɗi. Yaran kuwa an riga an zuba musu nasu, ba yunwa suke ji ba. Na ce masa, "Baba, nan Amurka ce, abinci har zubarwa ake yi." Ya ce, "Ba don cikinsu nake bari ba. Don hannuna nake bari, kada ya manta." Ni kuwa hannuna bai taɓa koyo ba balle ya manta. Sau da yawa sai ya kama wuyan hannuna a cikin kwano ya ce, "Ƙanin mata, tsaya haka nan. Akwai na baya."

Surukinsa Bazazzagi ne, ya zo karatu, ciniki ya janye shi, ya buɗe kantin yadi da turare a titin 125. Yaro mai ƙoƙari, ba ya shan komai, ba ya fashin salla. Farkon aurensa da 'yar Baba, in an ajiye kwano sai ya sulale ya koma bakin ƙofa, don a gida wa ya taɓa ganin suruki ya sa hannu a kwano ɗaya da uban matarsa? Baba ya haƙura Lahadi ɗaya, ta biyu ya ce, "Kai, zo nan. Kunya ta masu yawa ce. Mu nan in kowa ya ja gefe, wa zai rage a tsakiya?" Ya zo yana gumi, ya ci kamar mai cin magani. A hankali ya saba, har ya zama wurinsa a hannun daman Baba.

Mu ukun nan, ni da Baba da surukin, duk mun sami takardar zama 'yan ƙasa, muna jefa ƙuri'a. Ranar zaɓe Baba alwala yake yi, ya ɗora babbar riga a kan rigar sanyi, ya zama kamar rumbu yana tafiya. Ya shiga injin jefa ƙuri'ar nan mai labule da bismilla, ya fito da istigfari. Na tambaye shi dalilin istigfarin. Ya ce, "Waɗanda na zaɓa, wasu abubuwan da suke halattawa ba zan iya faɗarsu a gaban yayarka ba." Na ce to me ya hana ka zaɓi masu ra'ayin 'yan mazan jiya, masu kiran Allah a kowane jawabi? Ya ce, "Ba liman na je zaɓa ba. Tarbiyyar gidana ni zan yi da kaina. Asibiti ne ba zan iya ginawa ba."

Wata shekarar zaɓe, a farkon shekarun saba'in, surukin ya kawo mana baƙo cin abincin Lahadi: wani Bature mai yi wa ɗan takarar 'yan mazan jiya yawon neman ƙuri'a. Mutumin kirki, in faɗi gaskiya. Ya cire takalmi ba a ce masa ba, ya zauna a ƙasa, ya wanke hannu. Kafin a buɗe kwano ni har na maƙala bajon ɗan takararsa a hulata, don yana da ƙyalli.

Ya fara magana a kan ƙwayar da ta cinye samarin unguwa, da auren da ke mutuwa, da 'ya'yan da ba sa gaida iyaye, da makarantun da aka hana addu'a. Baba yana gyaɗa kai yana cewa, "Gaskiya ne. Wallahi gaskiya ne." Surukin sai murmushi yake. Sannan baƙon ya juya kan tattalin arziki. Ya ce gwamnati ta cika sa hannu a aljihun mutane. A rage wa masu kamfanoni haraji, a rage abin da ake kashewa a asibitocin kyauta da tallafi. In na sama suka samu, za su buɗe ayyuka, alheri zai gangaro har ƙasa.

Baba ya ce da Turancinsa na jirgin ruwa, "Wato manya su fara ci, su bar wa na baya."

Baƙon ya ce kusan haka ne.

"Mu ma haka muke yi. Al'ada ce mai kyau." Sai ya nuna ni. Ni kuwa a daidai lokacin na lanƙwasa yatsa ina kwashe miyar da ta maƙale a gefen kwano. "Ka ga wannan? Ƙanin matata ne. Yana salla, yana azumi, ba ya sata. Shekara da shekaru muna cin kwano ɗaya, ban taɓa ganin ya bar loma don kansa ba, sai na riƙe masa hannu. To manyan naku, in kun sake su, wa zai riƙe musu hannu?"

Aka fashe da dariya, har da baƙon. Ya ce amma kyautar da aka ƙwata da ƙarfi ai ba kyauta ba ce. Baba ya ce, "Haka ne. Shi ya sa mu Allah bai bar mu da kyauta kaɗai ba, ya ɗora mana zakka, don ya san halin bayinsa." Baƙon ya ce zai yi tunani a kai, ya ƙara tuwo, ya yi godiya, ya tafi. Ina jin bai ɗauki abin da zafi ba. Wanda ya ɗauka yana zaune a hannun daman Baba.

Ƙofa na rufuwa surukin ya ce, "Baba, baƙona ne fa."

"Ai na ciyar da shi."

"Ni nake biyan harajin nan. An fasa min kanti, ban ga gwamnati ba. Ina tsaye tun safe har yamma, a karɓi nawa a ba ƙato yana zaune a bakin titi. A gida wa ya taɓa kai ubansa wajen gwamnati ta riƙe masa? Mutum shi ke riƙe nasa."

Da Baba ya tsaya a nan, da an wuce wurin. Amma dattijon yana da harshe in ya so. Ya ce, "Da ka sauka a garin nan da akwatin kwali, wa ya riƙe ka? Jikata a wane asibiti aka haife ta, nawa ka biya? Ka haye kogi, yanzu kana cewa a fasa kwalekwalen."

A gaban mutane ya faɗa. Surukin ya ja baya daga kwano. Ya jawo ruwa ya wanke hannu.

Lahadin da ta biyo ya zo, ya durƙusa ya gaida Baba kamar kullum, sannan ya karɓi ɗan faranti daga hannun matarsa ya koma bakin ƙofa. Baba ya ce, "Matso mana." Ya ce, "A'a Baba, ai da kunya." To wa zai kama mutum da laifin jin kunyar surukinsa? Da al'adar ya yi garkuwa, kuma duk mun san ba kunya ba ce. Haka aka tafi shekaru: gaisuwa cikakkiya, hidima cikakkiya, kwano daban. Baba ya taɓa ce min, muna fitar da toka, "Ban kyauta wa yaron nan ba." Na ce to ka gaya masa. Ya ce, "Ka taɓa ganin rijiya ta je wajen guga?" Sai dai kowace Lahadi yakan tura tsoka mai kyau zuwa hannun damansa, inda ba kowa. Don kada ta lalace, ni nake taimakawa.

Sannan aka shiga shekarun da birnin ya ce aljihunsa ya huje. Aka fara yanka: ma'aikata, makarantu, motocin kashe gobara, ɗakunan shan magani. Wuƙar kuwa har da hannun waɗanda Baba ya zaɓa a kanta, masu ba da bashi suna tsaye a kansu suna nuna inda za a yanka. Na ce, "Baba, ga mutanenka." Ya ce, "Na gani. Wanda ya yanka yana jin kunya da wanda ya yanka yana tafi, duk jini ne ke zuba, amma dai na san wanda zan iya yi wa faɗa."

A lokacin ne ƙirjinsa ya kama. Gawayin jirgi da na bene suka taru suka nemi haƙƙinsu. Aka kwantar da shi a asibitin birni, ɗakin masu ciwon ƙirji, tafiyar ƙafa daga gida. Yaya tana kai abinci kullum, ni ina zuwa in na tashi aiki. A gadon da ke jikin taga akwai wani tsoho baƙar fata daga Kudu, mai waƙoƙin coci a ƙasan maƙoshi, wanda ban taɓa ganin kowa ya zo duba shi ba. Baba yakan ci rabin tuwonsa ya ce in miƙa masa sauran. Tsohon ya saba da miyar kuɓewa har yana cewa irin ta kakarsa ce. Su biyun sukan yi musu a kan annabawa har tari ya raba su.

Wata rana nas ta ja Yaya gefe ta ce za a rufe ɗakin. Masu doguwar jinya za a rarraba su gidajen tsofaffi a can arewacin jihar, inda mota ke wuni kafin ta kai. Wanda yake da inda za a kai shi, a zo a ɗauke shi. Likita ya ce ɗakin ƙasa mai danshi da hayaƙi kam kabari ne. Nawa ɗakin kuwa, in na miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Gida ɗaya ne ke da wuri, kuma kowa ya san wane ne. Yaya ba za ta roƙi surukinta ba. 'Yar tana tsakiya tana kuka da Turanci. Baba ya juya fuska bango ya ce kada wanda ya roƙi kowa saboda shi. Amma na ga yadda yake murza bakin bargo. Kwat da tayen nan yake gani.

Aka rasa ɗan aike sai ni, tun da ba ni da mutuncin da zai zube. Na je kantin, na zauna, na yi zancen sanyi, na yi zancen tsadar goro, na yaba wani yadi da ba ni da niyyar saya. Surukin yana ta awo bai dube ni ba. Can ya ce, "Kawu, in zancen ɗaki ne, tun shekaranjiya na fitar da kayan ciki. Na juya gadon ma yana kallon gabas." Ya ninke yadin ya ƙara da cewa, "Ba na faɗa ba? Mutum shi ke riƙe nasa."

Ranar da muka je ɗaukar Baba, ana tura shi a keke, tsohon gadon taga ya ɗaga masa hannu. Baba ya sa aka tsaya, suka riƙe hannun juna. Da muka fito baranda ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Ni ina da suruki. Shi fa?" Surukin ne ke tura keken. Ya ji, ya ci gaba da turawa.

A benen surukin lif, injin hawa sama, ya mutu, kamar yadda komai ya mutu a shekarun nan. Surukin ya cire kwat ya ba ni, ya durƙusa, ya goyi uban matarsa. Ina biye da su da jakar magani, ina haki fiye da mai goyon. A tsakiyar hawa na ji Baba ya ce masa a kunne, "To, ka ci gardama ke nan."

Ya ce, "Baba, riƙe ni da kyau. Gardama sai mun kai sama."

Ba su taɓa komawa kanta ba. Surukin ya riƙa rufe kanti da wuri, ya zo ya tallafi kan Baba ya ba shi kunu da cokali. Wata la'asar ina zaune, Baba ya sha ya sha, ya ɗaga hannu alamar ya isa. Saura kaɗan a kofin. Ya tura shi da bayan yatsu zuwa wajen surukin. Ni har na fara miƙa hannu, don sabo, sai Yaya ta taka min ƙafa. Surukin ya daɗe yana kallon kofin nan. Sannan ya ɗaga ya shanye, har ya sa yatsa ya suɗe. Ba wanda ya ce a yafe, ba wanda ya ce na yafe. Yaya ta tashi ta shiga kicin ta buɗe famfo, ta daɗe ba ta rufe ba.

Da hantsi ya cika, fuskarsa a gabas, ana yi masa kalmar shahada da harshen da ya sani. Mu muka wanke shi da hannunmu. Likkafanin daga kantin surukin aka yanko, farin yadi mafi kyau da yake da shi. Ba kwat, ba taye, ba hoda. Muka kai shi maƙabartar da ke hayin kogi, muka sa shi a ƙasa yadda ake sa Musulmi. Wannan ita ce Alhamdu lillahin da ta kuɓuce min a bakin ƙofa, kuma ko yau aka sake, ina jin ita za ta riga fita. Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa makwanci, ya sa duk lomar da ya ɗauke wa hannu ya tarar da ita tana jiransa. Mu da muka saba a riƙe mana hannu, Allah ya koya mana tsayawa da kanmu.

Ban san wa surukin yake zaɓa yanzu ba. Labule ne, kuma ban tambaya ba. Akwai dai magana ɗaya da ya yi min wadda har yau ban amsa ba, don duk zaryar da na yi a ɗakin asibitin nan, duk tuwon da na miƙa, ko sunan mutumin ban taɓa tambaya ba. Muna dawowa daga maƙabarta ne, yana tuƙi, muna kan gada, ƙasar kabarin ba ta gama fita daga farcensa ba. Ya rage gudu, ya dube ni ta madubi ya ce:

"Kawu, tsohon nan na gadon taga. Kai da kake yawan zuwa, ka san inda suka kai shi?"